Karatun yaro a gida ga goyo a baya: ya kuke yi?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum iyaye. Ku yi haƙuri zan ɗan ja zance, abin ne ya tsaya mini a rai.

Ɗana shekararsa biyar da wata uku. Da yana zuwa wata makarantar kuɗi a tsohuwar unguwarmu, to da muka tashi muka koma namu gidan can bayan Kumbotso sai nisa ya yi yawa. Adaidaita biyu ake hawa kafin a isa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san inda kuɗin mota ya kai. Muka zauna da Babansu muka yi lissafi, kuɗin kai shi da ɗauko shi kaɗai ya kusa kamo kuɗin makarantar. Sai muka yanke shawara in riƙa koya masa a gida har ya cika shida, kafin nan mun samo ta kusa. Ina da NCE, wato takardar shaidar malanta, ban dai taɓa riƙe aji ba, amma na ga yaro ɗaya ba zai gagare ni ba.

Ina da ciki muna yi lafiya lau. Yanzu na sauka, jaririyar satinta tara. Babansu a Abuja yake aiki, sai bayan sati biyu yake leƙo mu.

Jiya da safe na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauko allo da alli na rubuta masa haruffa huɗu ya kwafa a littafinsa. Ko na biyu bai gama ba ta farka. Na ɗauke ta na sa mata nono, hannu ɗaya na riƙe da ita, ɗayan ina nuna masa. Da na ɗaga ta don ta yi gyatsa sai ta yi tumbiɗi a kan littafin. Ya tsaya yana kallon wurin, can ya ce, "Umma ki mayar da ita asibiti, tun da ta zo ba kya duba rubutuna." Na daka masa tsawa, ya shige ɗaki ya kwanta bayan ƙofa. Ni kuma na zauna ina kuka, ita tana kuka.

Don Allah wadda ta taɓa haɗa karatun yaro da goyo, ya ta yi? Awa nawa ya kamata a rana? Ina jin tsoro kada in zama ni ce na cuce shi.

Hajiya Kaka:
Wa alaikumus salam. Barka da arziƙi ɗiyata, Allah Ya raya, Ya ba ki lafiyar shayarwa. Share hawayenki. Jiya-jiya kika fita arba'in, jikinki ma bai gama komawa daidai ba, kina neman ki zama uwa, ki zama malama, ki zama mai aikin gida, duk ke kaɗai. Kafin a yi zancen allo ni tambayata ita ce, wa ke taya ki? Ba ki da ƙanwa ko 'yar ɗakin Mamanki da za ta zo ta yi miki ko wata biyu?

Maman Biyu:
Amin Hajiya, na gode. Ƙanwata ta zauna mini har arba'in, to an koma makaranta ta tafi. Unguwar sabuwa ce, gidajen tsilla-tsilla, ban saba da kowa sosai ba.

Uwar Uku:
'Yar'uwa ni gaskiya zan faɗa miki, ki sa shi a makaranta. Na gwada wannan abin lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu tun daga watan Maris, ga yara biyu ga goyo. Wata na farko ina da jadawali manne a bango, kafin wata na uku ko fensir ba na iya nema. Yaro ba ya jin tsoron uwarsa kamar yadda yake jin na malami, kuma karatu ba rubutu ba ne kawai, akwai zama da sa'o'insa, a yi layi, a jira, a yi faɗa a shirya. Ko ta gwamnati ce ki duba, da yawa suna da ajin share fage kafin aji ɗaya kuma ba a biyan kuɗin zango.

Malamar Aji Ɗaya:
Maman Biyu, shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da aji ɗaya, bari in faɗa miki abin da na gani da idona. Yaran suna wuni a wurina daga takwas saura zuwa bayan sha biyu, amma idan kika cire taron safe, kiran suna, tara, fita fitsari, sasanta masu faɗa, da duba littafin yara sama da sittin, lokacin da nake tsayawa a kan yaro ɗaya ni da shi bai kai minti biyar ba. Ke kuwa naki ɗaya ne tal. Minti goma sha biyar sau biyu a rana, da hankalinki a kansa, ya isa ɗan shekara biyar. Kada ki kwaikwayi aji, aji an tsara shi ne don taro.

Kuma na lura kin ce kina ba shi haruffa yana kwafa. Kwafa shi ne abin da ya fi buƙatar ki zauna a kansa, shi ne kuma ya fi gajiyar da hannun yaro. Ki rage shi. Ki koma kan sauti, wannan da baki ake yi, kina shayarwa ma za ki iya. Fara da wasulan nan biyar, a, e, i, o, u. Sai ki ɗauki baƙi ɗaya, misali m, ku yi ma, me, mi, mo, mu. Bayan kwana biyu ko uku ki ƙara b, sai k, sai n. Da waɗannan huɗun kawai zai karanta mama, baba, kaka, nama, nono, baki, kuka. Ranar da yaro ya haɗa na da ma ya ji "nama" ta fito daga bakinsa, fuskarsa kan canza, daga nan shi zai riƙa bin ki. Rubutun Hausa yana da wannan sauƙin, yadda aka rubuta haka ake faɗa. Masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ, ki bar su sai ya zauna, sannan ki nuna masa da kalmomi biyu-biyu kamar kafa da ƙafa, bari da ɓari, ya ji bambancin da kunnensa.

Rubutu kuma ki bar shi ya yi da yatsa a kan ƙasa ko a faranti da ɗan gari. Ba littafin da zai ɓaci.

Zancen doka tunda na san wani zai tayar: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye tabbatar da yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan. Wanda aka kama da laifin ƙi, karo na farko jan kunne ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. Firamare kuma da shekara shida ake shiga. Saboda haka shirinki na kai shi idan ya cika shida ki riƙe shi da kyau, kada ya wuce.

Uwar Uku:
Malama na yarda da zancen mintuna, amma ban yarda a fara da Hausa ba. Idan ta kai shi makarantar kuɗi gwajin shiga da Turanci za a yi masa. Nawa na biyu haka aka yi, yana karanta Hausa tiryan-tiryan aka ce sai ya maimaita ajin baya. Na ji ciwon abin nan har yau.

Malamar Aji Ɗaya:
Anti na fahimce ki, kuma abin da aka yi wa ɗanki ba daidai ba ne. Amma ina ganin yaran da ake kawo mini suna rera A, B, C har Z kamar waƙa, in rubuta "cat" su kasa, in rubuta "kaza" ma su kasa. Sun haddace sunayen haruffa, ba su san harafi sauti yake ɗauke da shi ba. Yaron da ya gane wannan sirrin da harshen da yake mafarki da shi, ba sai an sake koya masa ba idan ya zo Turanci, kalmomi kawai zai nema. Ta riƙa yi masa Turancin da baki a gefe, kofi, cokali, zo, zauna, launuka, sassan jiki. Amma buɗe ido ga karatu, ni dai da Hausa na ga ya fi sauri.

Uwar Uku:
To Allah Ya sa mai gwajin ya san haka. Ni dai na faɗi abin da ya same ni.

Hajiya Kaka:
Ku bari in sa baki. Ni a tsakar gida na yi babbaƙu da farfaru, a gaban mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Ba na mantawa, tana tankaɗe da goyo a bayanta, mu biyar da 'ya'yan maƙwabta muna zaune da allunanmu muna "alu, ambaki, wau, zal". Idan na yi kuskure ko juyowa ba ta yi, daga inda take za ta gyara mini. Idan goyon ya tashi ta kwance majanyi ta juyo shi gaba, karatu bai tsaya ba. Ba ta taɓa cewa mu yi shiru jariri na barci ba, a cikin hayaniyar karatun nan ƙannena duka suka yi barcinsu.

Ba sabon abu kike yi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da jajojinta, wato matan da ta horar su koyar, ta aika karatu har cikin ƙauyuka, mata suna koya a gidajensu, suna koya wa na bayansu, da raino da daka da komai. Abin da ya bambanta shi ne su ba su kaɗai ba ne. Gida cike yake da mutane. Ke kuma an bar ki cikin katanga ke da yara biyu. Nan matsalar take, ba a kanki ba.

Sannan ki duba, sallah ma da take ginshiƙin addini Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a umurci yara da ita suna da shekara bakwai. Ɗan shekara biyar ba a makara a kansa ba.

Maganar da yaron nan ya faɗa kuwa ita ce ta fi taɓa ni. Ba karatu yake nema ba, ke yake nema. Shekara biyar shi kaɗai ne a cinyarki. Ki ba shi girmansa, ki riƙa kiransa Yaya a gabanta, shi zai miƙo majanyi, shi zai zaɓa mata riga. Ki ce masa, "Yaya zo ka karanta wa ƙanwarka, ita ba ta iya ba." Za ki ga aiki. Kuma ki nemi makarantar allo ko Islamiyya a unguwar, ba a rasa ta ko a sabon wuri, ya riƙa zuwa da yamma ya ga yara, ke kuma ki kwanta.

Anti Ingila:
Sannu Maman Biyu. Ni a nan Ingila nake koyar da 'yata a gida, shekararta shida, ƙaninta wata biyar, don haka ina cikin ruwan da kike ciki. A nan doka ta ba da dama, sashe na 7 na dokar ilimi ta 1996 ya ce iyaye su ba yaro ilimi ko ta hanyar zuwa makaranta ko ta wata hanyar. A Jamus kuwa an hana, dole yaro ya je makaranta. A Finland sai shekara bakwai suke shiga firamare, kuma ba a san su da koma-baya a karatu ba. Na kawo wannan ne don hankalinki ya kwanta kan shekarunsa.

Abin da ya cece ni guda biyu ne. Na farko, na ajiye kwando a daidai inda nake zama in shayar. A ciki akwai littattafan labari uku ko huɗu, da katin haruffa da na yanka daga kwalin sabulu, da ruwan shana. Duk sanda na zauna ba shi nono sai ta ɗauko littafi ta jingina da kafaɗata, ita ke buɗe shafi tunda hannuna ba sarari. Da can da ta ga na ɗauke shi take ɓata rai, yanzu ita ke cewa "Mami yunwa yake ji" don ta samu labari. Idan ba littattafai, tatsuniya ma ta isa. Ki yi masa ta Gizo da Ƙoƙi, ki tsaya a tsakiya ki tambaye shi me yake ganin zai faru, gobe ki ce shi ya ba ki.

Na biyu, na daina ɗaura karatu da agogo, na ɗaura shi da barcin jariri. Barcinsa na farko bayan karin kumallo na karatu ne, ko wanke-wanke ya kai rufi ba na taɓawa. Barcin rana kuma nawa ne, ni ma kwanciya nake.

Amma ba zan ɓoye miki ba, a nan akwai laburare kyauta a kusa, akwai wasu iyaye masu irin wannan tsarin da muke haɗuwa kowane mako yara su yi wasa. Ba don haka ba da ban iya ba. Zancen Uwar Uku na cuɗanya da yara gaskiya ne, kada ki yi wasa da shi.

Sista:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, zan yi magana ta ɓangarena. Tunda satinta tara, sati mai zuwa akwai rigakafin sati goma, sai na sati goma sha huɗu. Yawanci sukan yi ɗan zazzaɓi da rigima kwana ɗaya ko biyu. Waɗannan ranakun ki soke karatu tun kafin su zo, ki gaya wa Yayan an ba da hutu, kada ki zo kina ganin kin gaza.

Na biyu, za a ba ki shawarar ƙirga da wake, duwatsu, murafen kwalba, kuma suna da amfani. Amma nan da 'yan watanni za ta fara kai komai baki, daga baya ta fara rarrafe. Tun yanzu ki saba masa a gwangwani mai murfi suke zama, a ƙirga a fito da su, a ƙirga a mayar, a ɗora a sama. Kuma duk son da yake mata kada a bar su su biyu ba babba, ko ya ɗauke ta, ko ya ba ta abin da yake ci. Har wata shida nono zalla ne, ko ruwa ba ta buƙata.

Waya kuma na san jaraba ce idan hannu ya cika. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce jariri kada a ba shi kallo sam, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada su wuce awa ɗaya a rana. Naki ya ɗan haura, amma ma'aunin bai yi nisa da shi ba.

Sai ke kanki. Kuka rana ɗaya don gajiya ba komai ba ne. Amma idan kin ga kusan kullum ne har ya wuce sati biyu, ba kya jin daɗin komai, barci ba ya zuwa ko da ta yi barci, abinci ya fita ranki, ko wasu tunane-tunane masu tsoratarwa suna zuwa miki, don Allah ranar rigakafin ki gaya wa ma'aikaciyar da ke wurin. Ciwon damuwa bayan haihuwa ciwo ne kamar kowane, ana maganinsa, ba raunin imani ba ne.

Maman Biyu:
Sista na gode. Ba kullum ba ne, amma barcin ne babu. Zan lura, kuma zan faɗa in ya ci gaba.

Baban Gida:
Iyaye mata ku ba ni dama. Tun ɗazu ana ta ba uwa aiki, ba wanda ya ambaci uban. Shawarar nan su biyu suka yanke ta. Ni ma aiki ya raba ni da iyalina, a Fatakwal nake, amma kullum bayan isha'i sai na kira, babban ya karanta mini abin da ya koya, ko layi ɗaya ne. Yaro idan ya san Abba zai tambaya da dare, da kansa yake neman a koya masa da safe. Idan na zo gida kuma ni nake fita da shi, mu je masallaci, mu je kasuwa, ya karanta mini allunan shaguna, ya ƙirga canji, uwar ta samu ta yi barci. 'Yar'uwa ki nuna wa maigidan wannan saƙon. Kuɗin adaidaitar da aka huta biya, a cire wani abu a ciki a samo mai taya ki wanki da shara ko sau biyu a sati.

Uwar Uku:
Wannan magana ta Baban Gida ita ce. Allah Ya saka da alheri.

'Yar Maraɗi:
Sannunku. Mu nan Nijar lakwal da CI, wato aji ɗaya, ake farawa, yara na da shekara shida ko bakwai, kuma da yawa ranar ce suke fara jin Faransanci. Abin da na lura, ɗiyan da suka saba aike sun fi saurin lissafi. Kuɗinmu da dala muke ƙirga shi, dala ɗaya tamma biyar ce, dala ashirin ita ce ɗari a rubuce. Yaron da ke sayo gishiri da magi ya riga ya iya ninka biyar bai sani ba. Ni da goyo a baya nake koya ma tawa, wajen girki. Kawo albasa uku. Mu shida ne, cokula huɗu na nan, saura nawa? Raba ƙuli-ƙulin nan tsakaninki da ƙanenki. Ba zama, ba allo. Ki gwada.

Malamar Aji Ɗaya:
Haka ne. Kafin aji ɗaya idan yana ƙirga abu har ashirin yana taɓa kowanne, ya san wanne ya fi yawa, yana haɗawa da cirewa a cikin goma, ya riƙe fensir daidai, ya rubuta sunansa, to ni na gode wa uwarsa.

Maman Biyu:
Assalamu alaikum, na dawo bayan sati biyu in gaya muku inda aka kwana. Kwandon Anti Ingila na yi shi da tsohon kwanon samira, na yanka kwalin taliya na rubuta gaɓoɓi. Mun yi m da b da k, n ce ta ɗan ba shi wuya, yana juya ta ta koma u. An yi rigakafin, kwana biyu ba mu taɓa komai ba kamar yadda Sista ta ce.

Hajiya, na samu makarantar allo layi uku daga gidanmu, ashe matar malamin ma goyo gare ta. Yana zuwa bayan la'asar tare da yaran maƙwabciyata, ta haka ma muka saba da ita. Babansu ya karanta saƙon Baban Gida, ya yi shiru, washegari ya turo kuɗin mai wanki. Kiran dare kuma yana yi, in ban da ranar da ba sabis.

Ba kullum ake dacewa ba. Shekaranjiya ko minti biyar ba mu yi ba, ta wuni a hannu. Amma yau da safe ina wanka na jiyo shi daga bakin ƙofar ɗaki, inda na ce ya tsaya kada ya shiga, ya ɗaga kati yana nuna mata daga nesa yana cewa, "Wannan ka ce, wannan ma ka ce. Kaka. Ki ce kaka."

Uwar Uku, na je na duba ta gwamnatin da kika ce. Da ƙafa minti ashirin ne, akwai ajin share fagen, amma yaran sun yi yawa ƙwarai, wasu a ƙasa suke zaune. Na karɓo bayanin rajistar aji ɗaya dai. Zancen Turancin har yanzu yana raina. Malama, in ya gama baƙaƙen Hausa, da wanne sauti zan fara masa na Turancin?

Malamar Aji Ɗaya:
Bari n ɗin ta zauna tukuna. Ki zana ta babba a ƙasa ya bi ta da yatsa, kina cewa "sauka, hau, lanƙwasa, sauka". Idan kun kai ƙarshen wata ki turo mini hoton abin da yake karantawa, sai in gaya miki.